Gangaren Mashin Alhaji Kamilu

Ranar da aka dawo da Asiya daga Banga, tun mota ba ta gama tsayawa ba ta leƙo ta taga tana neman gidansu, ta rasa shi. Inda tsohon zauren ubansu yake, wanda take shiga da kekenta ta fita ba tare da ta ce wa kowa don Allah ba, yanzu wani gini ne ya ɗare can sama, ga matakala masu sheƙin tayil sun jeru tun daga bakin titi har ƙofa.

"Kamilu, banki na kag gina muna ko gida?" in ji ta.

Alhaji Kamilu, ƙanenta, dillalin hatsi a kasuwar Ƙaura Namoda, ya ɗauka yabo ne. Ya gyara babbar riga, ya yi murmushi har kunne.

"Yaya, ai ba ki ga komi ba. Ko ruwan Annabi Nuhu anka yi, ba shi shigo muna. Kin ga gidan Alhaji Malami can? Mun ɗara shi tsawo. Yanzu in ya hito sai ya ɗaga kai shi gaishe ni."

Shan-inna ya cinye wa Asiya ƙafafu tun tana ƙarama, amma ya bar mata hannuwa masu ƙarfi da baki mai kaifi, kuma da su ta kai shekara hamsin da ɗoriya ba ta zame wa kowa kaya ba. Kekenta na guragu, mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, babu lungun da bai sani ba a Ƙaura. Kullum da hantsi yana bin bayan tashar jirgin ƙasa zuwa makarantar matan aure ta Malama Amatullahi, inda Asiya ta ja karatunta har ya rage mata Baƙara kaɗai ta sauke. An sa walimar sauka bayan kaka. Wannan walima ita ce abin da take kwana da shi take tashi da shi, don haka ko zaman da ta yi a Banga wajen ƙanwar uwarsu, ana rushe gidan gado ana sake shi, a ƙagare ta yi shi.

Ta ƙare wa matakalar kallo daga ƙasa har sama, ta ce, "To ni ta ina?"

"Haba Yaya, kin ɗauka ban yi tunani ba? Ga gangare nan."

Ya nuna. A tsakiyar matakalar an zuba wani siririn siminti daga sama har ƙasa, faɗinsa bai wuce ɗani guda ba, irin wanda kowane gida a unguwar yake da shi don a tura babur cikin zaure da yamma.

"Wanga na mashin na," in ji Asiya. "Kekena ƙahwa ukku garai."

"To ai shi kenan. In mai ƙahwa biyu ya hau, mai ukku shi a za ya kasa? Ai ya hi shi tsayuwa."

Direban motar ya juya baya yana tari. A ƙarshe dai a tabarma aka ɗora ta, direba da yaron motarsa suka kama gefe-gefe suna nishi, Kamilu na gaba yana ba da umarni kamar ana shiga da buhun gero. Asiya ta rufe ido har aka dire ta a tsakar gida. Aka cicciɓo keken aka ajiye mata gindin bango. Ba ta san cewa ta shiga kenan ba.

Washegari ta sa aka kira Maccido birkila, wanda ya yi ginin. Ya zo da mazaunin wandonsa fari fat da siminti, ya tsaya ƙasan matakala yana aunawa da ƙafa, ya je ya dawo, ya tsotsi haƙori.

"Ana iyawa," in ji shi. "Wuni guda na. Sai dai a hwasa tayil ɗin gefe."

Kamilu ya dafe ƙirji. "Wane tayil? Wanga da anka ɗauko daga Gusau? Ka san kalar nan ta ƙare har kamfani?"

"To a ja shi ta gefen bango, shi sauka a hankali."

"Shi ɓata man huskar gida? Mutum shi taho daga nesa shi ce asibiti na? A'a. A bari damina ta wuce mu yi shawara, siminti ba ya kamawa cikin ruwa."

Maccido ya buɗe baki zai ce da damina ya zuba gangaren mashin ɗin rabin unguwar nan, ya tuna wa ke ba shi aiki, ya mayar da bakinsa ya rufe. Asiya tana zaure tana jin su. Ta ce, "Kamilu, ni ba huskar gida ni ka nema ba, ƙohwa ni ka nema." Ya ce ta kwantar da hankalinta, abin yana ransa.

Abin ya zauna a ransa daram, bai motsa ba. Ruwa ya sauka, gero ya fito a gonakin hanyar Zurmi, Asiya tana ciki. Da hantsi takan hau keken ta yi ta zagaya tsakar gida don kada hannuwanta su mutu, daga bakin rijiya zuwa madafa, daga madafa zuwa bakin rijiya. Zulaihat, matar Kamilu, mai ciki, mace ce mai kirki daidai gwargwado, irin kirkin da ba ya kai wa ga ɓata wa miji rai. Manyan 'ya'yanta suna makarantar kwana a Gusau, gidan daga ita sai Asiya. Ita kanta in za ta je awo sai ta sauka da baya tana salati, amma in aka tambaye ta sai ta ce ai gida ya yi kyau. Wata rana ta ce, "Yaya, don Allah tayar kekenki na zana muna tayil, Alhaji ya yi magana." Asiya ta daina zagayen.

Da makaranta ta ga shiru, Malama Amatullahi ta zo da kanta. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Ta ɗaga ƙafa ta ɗora a matakalar farko, tayil ya ba ta amsa, ta sauke ƙafarta ta ce ita ba ta shirya karaya ba. Sai ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna a ƙasa, Asiya ta ja jiki zuwa bakin zaure a sama, suka buɗe karatu a haka. Malama ta ɗaga murya ta biya, Asiya ta ɗaga murya ta maimaita. In ɗan kabu-kabu ya wuce da ƙara sai su dakata. Mai sayar da rake ya tsaya yana sauraro, har yana gyara wa Asiya madda. Ita dai ba ta damu ba, ranar ta yi barcin rana mai daɗi. Sun yi haka 'yan kwanaki kafin labari ya kai kasuwa.

Kamilu ya dawo a fusace. "Yaya, muryarki har bakin masallaci! Mace babba, kan titi? Mi mutane za su ce da ni?"

"Su ce ka gina gida Malama ba ta iya hawa, ni ban iya sauka."

"Ai yanzu dut karatu na cikin waya. Zan sa a tura miki."

Aka tura mata. Wani Balarabe ne mai karatu da gudu kamar an biyo shi, ba ya tsayawa, ba ya gyara, ba ya tambayar ya jiki. Malama ba ta sake zuwa ba, don an aika mata cewa maigida ba ya so.

Sai ranar da aka kawo wa Zulaihat firiza. Asiya tana zaune ta ji hayaniya, ta leƙa zaure, ta ga abin da ya sa ta murna: an shimfiɗa manyan katakai biyu a kan matakala tun daga sama har titi, faffaɗa, lafiyayyu, ana turo firiza a kansu cikin lallami, Kamilu na cewa a yi a hankali kada ta ji ciwo. Cikin ɗan lokaci aka samo katakan, ba a jira damina ta wuce ba. Asiya ta juya da sauri wajen kekenta. To keken ya riga ya canza sana'a. An shanya zannuwa a kan matuƙinsa, an rataya masa tsintsiya, kuma wata kaza ta mayar da mazauninsa ɗakin kwanci. Kafin ta kwashe shanya, ta yi dambe da kazar da ta rantse ba za ta tashi ba, ta hau ta tuƙo zuwa zaure, katakai sun yi hanyar shagon kafinta a kan wani saurayi.

"Aro na anka yi," in ji Kamilu. "Ke ma da kin yi sauri."

Zulaihat kuwa ta tsaya kan ƙwai tana jimami, wai an tada kaza daga kwanci, yanzu sai su lalace.

Kada a ce Kamilu ba ya tunanin yayarsa. Yana yi, matsalar dai irin tunanin ce. Wata safiya ya shigo fuska a washe, ya ce Allah ya kawo mafita, a kasuwa dabarar ta faɗo masa yana kallon ana sauke dawa.

"Yaya, mi ad da ƙahwa guda?"

"Kai za ka hwaɗa man."

"Baro! Tayarshi guda ta, daidai gangaren mashin. Na gwada da buhu biyu, ko gezau."

Bayansa ga Sabo mai baro, wani ƙaƙƙarfan mutum da ya shekara ashirin yana dakon kaya a kasuwar Ƙaura, ya wanke baronsa har ya shimfiɗa masa buhu. Asiya ta dubi baro, ta dubi ƙanenta. Zuciyarta ta ce ta ƙi. Amma kaka ta matso, abokan karatunta sun yi nisa cikin Baƙara, ita tana nan inda Malama ta bar ta. Ta haɗiye abin da ta haɗiye, ta sa hijabi, ta rungume Alƙur'aninta, ta shiga.

Sauka dai an sauka lafiya, wannan kam gaskiyar Kamilu ce. Sai dai Sabo bai taɓa tura abin da ke da rai ba in ba awaki ba. Yana hawa titi sai aiki ya motsa, ya saki gudu, ya buɗe murya yadda ya saba: "Hanya! Hanya! A ba kaya hanya!" Mata suka leƙo ta katanga. Masu shayi suka miƙe tsaye. Wani mai faci ya yi kira, "Sabo, nawa anka sawo?" Asiya tana cewa ya tsaya, iska na kwashe maganar. Da suka isa ƙofar makaranta, a gaban matan da take zama da su sahu ɗaya, Sabo ya share gumi ya ce, "Hajiya, nan za a juye?" Kuma kafin ta amsa har ya fara ɗaga hannun baron, don hannunsa ya riga kansa.

Matan sun yi ƙoƙari, amma dariya ba ta da kara. Asiya ma ta taya su, don ba ta da abin yi. Sai da ta dawo gida ta shiga ɗaki ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar uwarsu. Ta ce ba ta ƙara shiga baro ko za ta mutu a ɗaki.

Wannan ya yi wa Kamilu daɗi ƙwarai, don ya samu abin faɗa. Duk wanda ya tambaye shi ina Asiya kwana biyu, sai ya girgiza kai. "An yi mata hanya ta ƙi. Kun san Yaya da tsauri. Kuma ni ban ga abin hita ba, ga hwanka, ga ruwan sanyi, ga tuwo sau ukku. Allah ya hutar da ita, ita ta ƙi hutawa." Masu sauraro su ce lallai Alhaji yana ƙoƙari, ba kowa ke riƙe 'yar'uwa haka ba.

Damina ta ɗauke, aka yanke gero, Maccido bai zo ba, wai yanzu kuma sai an ga bayan haihuwa. Asiya ta rage magana. Bakin nan da ake shakka a unguwa ya koma daga "to" sai "Allah shi kyauta". Hannuwanta suka saki, ta fara ramewa. Takan zauna bakin zaure daga ciki tana kallon ƙafafun masu wucewa can ƙasa, tana gane mutane da takalmansu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu wanda ya zage ta, babu wanda ya hana ta abinci, saboda haka ba ta da ƙarar da za ta kai wa kowa.

Zulaihat ta haihu, mace. Suna ya faɗo daidai safiyar walimar sauka. Asiya ta riga ta san babu sunanta cikin masu sauka, Malama ta aiko mata da haƙuri. Duk da haka ta ce za ta je, ko daga baya ne ta zauna ta ga abin da ya wuce ta. Ta gaya wa Kamilu tun ana jibi, ya ce ta bari a gama hidima.

Da sassafe maza suka cika ƙofar gida a kan tabarmi, dattawa da 'yan kasuwa da maƙwabta, har Alhaji Malami. An ɗaure rago jikin turke, an ajiye faranti cike da goro da dabino a gindin matakala. A ciki kuwa Asiya ta yi wanka, ta sa farin leshin da ta ɗinka tun bara don wannan rana. Ta ba keken iska, ta tura shi har bakin zaure. Ta daidaita tayar gaba a kan gangaren mashin. Sannan ta cire silifas ɗinta, ta zura su a hannu.

Liman ya shafa fatiha, ya raɗa wa sanƙira suna. Kamilu ya ɓoye sunan don ya ba yayarsa mamaki. Sanƙira ya miƙe, ya cika ƙirji da iska, ya kwarara: "Jama'a, an samu Asiya! Asiya ta iso, Allah shi raya!"

Bai rufe baki ba keken ya iso. Tayar gaba ta bi gangare sumul, na baya biyu suna dukan matakala ɗaya bayan ɗaya kamar ana sussukar gero. Ya tashi da farantin goro, ya ratsa tsakanin liman da sanƙira, ya bi ta kan takalman jama'a, ya je ya rungumi rago. Rago ya tsinke igiya ya yi hanyar Shinkafi. Dattawan da suka shekara suna sallah a zaune saboda gwiwa aka ga sun tsallake tabarma. Sanƙira yana can bayan wata mota yana ta "Allah shi raya" bai san yana yi ba.

Sai aka ɗaga kai, kuma dariyar da ta fara tashi ta koma ciki.

Asiya ce ke saukowa. Hannu ɗaya ta dafa, ta jawo jiki, ta jawo ƙafafun, ta sake dafawa. Tayil yana zame mata, farin leshin yana sharar ƙasa da ɓawon goro. Rabonta da rarrafe a bainar jama'a tun ranar da ubansu ya sayo mata keken farko tana budurwa, ya ce ɗiyarsa ta gama jan ƙasa. Ba ta dubi kowa ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya yunƙura zai taimaka ya rasa inda zai kama.

Kamilu ya tare ta a ƙasa. "Yaya, yau? Gaban mutane? Ni da niy yi miki takwara?"

"Na gode," in ji ta tana haki. "Takwarata wata rana za ta yi ƙahwa ta sauko da kanta. Ni na gama jiran tawa. Kauce man."

Ya kauce. Liman, yana kakkaɓe hularsa, ya ce, "Alhaji, wanga al'amari a dube shi. Ni kaina tun da anka gina gidan ga ban shiga ba." Alhaji Malami ya yi gyaran murya mai tsawo, irin ta wanda aka biya wa bukata. Kamilu ya ji gyaran muryar har cikin ƙashinsa, ya ɗaga hannu ya ce jama'a su shaida, gobe-goben nan za a gyara, ba za a sake ganin irin wannan a ƙofar gidansa ba.

Tayar keken ta lanƙwashe, yana ta janta hagu, amma ya kai ta. Ta zauna a baya da leshinta mai dauɗa, ta ga ana kiran abokan karatunta ɗaya bayan ɗaya, ana guɗa. Ta yi musu murna da gaske, ta kuma yi hawaye da gaske. Malama ta riƙe hannunta ta ce baɗi in da rai, tunda ga shi an ce za a gyara. Da la'asar ta dawo ta hau yadda ta sauko, amma wannan karon zuciyarta wasai, don alkawari ne a gaban liman.

Kuma Kamilu ya cika alkawari. Washegari hantsi bai yi ba sai ga ƙarar inji a ƙofar gida, ga tartsatsin wuta. Mai walda ne. Asiya ta ce a ranta ashe na ƙarfe za a yi, ya ma fi, ba sai an taɓa masa tayil ba. Don murna ta ja jiki ta dama fura da kanta, ta zuba nono mai kauri har da sukari, ta aika wa mai aiki. Ta zauna tana gyara shafin da za ta kai wa Malama gobe.

Da ƙara ta lafa ta nufi zaure. Ƙyauren ƙarfen yana buɗe, matakala suna nan yadda suke, suna sheƙi, ko ƙwarzane babu. Mai walda yana naɗe wayarsa, ya ga ta dudduba ƙasa, sai ya nuna mata sama. Can ƙolin ƙyauren, inda sai mai tsaye ya miƙa hannu, an liƙa sabuwar sakata mai kauri, walda ko hucewa ba ta yi ba.

"Hajiya, na gode da hura," in ji shi, yana miƙo mata ƙwarya. "Alhaji ya ce in aza ta inda yara ba su kaiwa."

Asiya ta karɓi ƙwaryar. Daga cikin gida jaririyar ta tsala kuka, ita kaɗai ce yarinya a gidan, ko cibiyarta ba ta gama warkewa ba.